Tambayi Likita: mi ya haɗa ɓera, hanta da cutar da ke cikin jini?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wanga mako. Saƙonni sun taru sosai, amma na tsamo guda 4 don kusan duk wuri ɗaya sunka dosa, wato hanta. Masu tambayar hawan jini ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Aliero, malaminmu yac ce a ƙasashen waje har ma nan gida ana sa ma ɓeraye maleriya da sammore da gangan don a ga abin da ka faruwa ga hanta. To ni abin da ban gane ba, cutar ga jini take, mi yak kai hanta ciki? Kuma ɓeran da muke kashewa a rumbu mi zai koya muna game da jikin mutum? Daga ɗalibinka a Aliero.

AMSA: Yauwa ɗana, Allah Ya ba da sa'ar karatu, wallahi na ji daɗin tambayar nan don abu ne da na daɗe ina son in yi magana a kai. Bari mu fara da hantar ita kanta. Mutane sun ɗauka aikinta bai wuce narka abinci da yin ruwan madaciya ba, alhali ita ce babbar matatar jini. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke harbawa ta hanta yake bi, a babban mutum kusan lita 1 da rabi kenan duk minti ɗaya, kuma idan ya shiga ba da gudu yake wucewa ba, rarrabuwa yake cikin wasu 'yan ƙananan magudanai yana tafiya sannu sannu kamar yadda ruwa ke bin kwalbati ya shiga fadamar shinkafa ya bazu. To a cikin magudanan nan akwai wasu ƙwayoyin halitta zaune manne da bango, sun baza hannuwa, duk abin da ya zo wucewa sai sun taɓa shi. Ka taɓa ganin masu su a Matan Fada sun shiga ruwa kowa da homarsa? Haka suke. Tsohuwar ƙwayar jini da ta gama aiki su kama su haɗiye, ƙwayar cuta da ta kutso daga hanji su kama su haɗiye. Sunansu ƙwayoyin Kupffer, sunan wani Bajamushe da ya fara bayanin su a 1876, ko da yake shi bai gane ainihin aikinsu ba, sai a 1898 wani likita ɗan ƙasar Folan mai suna Browicz ya nuna cewa masu haɗiye ƙazanta ne. Ni dai masu gadin hanta nake ce masu. Kuma ba kaɗan ba ne, cikin irin waɗannan masu gadin da ke zaune dindindin a sassan jiki, kashi 80 zuwa sama cikin ɗari a hanta suke.

Ka ga kenan duk cutar da ta ce a jini za ta zauna, ko ta so ko ta ƙi sai ta bi ta gabansu, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Maleriya ma ai tun farko a hanta take sauka. Idan sauro ya ciji mutum 'yan ƙwayoyin da ya zuba ba jini suke fara ci ba, hanta suke nema, wasu har ta cikin jikin masu gadin suke ratsawa su shiga naman hantar su ɓoye, a mutum kamar mako guda, a ɓera kwana 2, shiru ba zazzaɓi ba komai, ƙwaya ɗaya ta hayayyafa ta zama dubbai masu yawa sannan su fashe su afka cikin jini. Sai a 1948 anka gano wanga zaman ɓoye na hanta, alhali tun 1880 wani likita Bafaranshe mai suna Laveran ya ga ƙwayar cikin jinin wani soja a Aljeriya, dubi shekarun da anka ɗauka. Dalili kuwa jini kowa na iya ɗiba ya duba, amma wa zai yarda a yanki hantarsa yana raye?

Nan ne ɓera ya shigo. Kuma ba ɓeran rumbu ba ne ɗana, waɗannan kiwon su ake a ɗaki mai tsabta, zuri'a bayan zuri'a ana haɗa 'yan uwa har sun zama kusan kamar tagwaye, ta yadda in ka sa ma goma cuta ka bar goma, bambancin da ka gani daga cutar ne. Maleriyar mutum ba ta kama ɓera, don haka da nasu irin ake aiki, na farko a 1948 anka samo shi daga wasu ɓerayen daji a Katanga ta ƙasar Kwango, daga baya anka ƙara samo wasu a Afirka ta Tsakiya. Amma sammore fa, ita ce dai wadda ke kama shanunmu take kama ɓera kai tsaye. A Kaduna akwai cibiyar binciken sammore ta ƙasa da ta samo asali tun 1947, in ka samu hali ka nemi zuwa can lokacin koyon aiki, za ka ga abin da ido.

Ni ranar da na fara buɗe ɓeran da maleriya ta ci ban manta ba har yau. Hantar ɓera mai lafiya ja ce jawur mai sheƙi, wannan kuwa ta kumbura ta yi duhu kamar gindin tukunya, saifa ma haka ta ninka girmanta. Baƙin nan ba datti ba ne daga waje. Ƙwayar maleriya idan ta shiga jar ƙwayar jini cin abin da ke ciki take, to akwai wani ɓangare mai ƙarfe da zai kashe ta in ta bar shi haka, sai ta dunƙule shi ya zama 'yan baƙaƙen tsakuwoyi. Idan ƙwayar jinin ta fashe sai tsakuwoyin su zube, masu gadin hanta su haɗiye, kuma ba sa narkewa da sauƙi, a ɓera ana samun su cikin hanta watanni bayan an warke. Tsohon maganin nan kulorakwin ma aikinsa kenan, hana ƙwayar dunƙule abin, sai gubar ta kashe ta.

To ga abin da ya fi taɓa ni cikin binciken. A da an ɗauka masu gadin nan kullum daga ɓargo ake aiko su. Sai anka gano a ɓera cewa ba haka ba ne, tun ɗan yana cikin ciki sunka shiga hanta sunka zauna, kuma su ke haifar kansu da kansu har tsufa, wato 'yan asalin gari ne da sun san kowane lungu. Wasu masu bincike a Singafo sun nuna a 2018 cewa idan maleriya ta yi ƙarfi a jinin ɓera waɗannan 'yan asalin raguwa suke sosai, sai ɓargo ya turo sabbin hannu su cike gurbin, su zauna su koyi aikin. A Burazil kuma a 2022 anka nuna cewa baƙin tsakuwar nan da suke haɗiyewa tana cikin abin da ke kashe su, kuma a daidai lokacin da sunka ragu in ka sa ma ɓeran wata ƙwayar bakteriya a jini hantar ba ta iya kama ta kamar da, sai ta bazu a jiki. Riƙe wannan, don ita ce amsar tambayar da ke biye.

Ɓangaren sammore ma an kalli abin da ido, wasu a Amurka a 2019 sun sa madubin ƙara girma a kan hantar ɓera yana raye sunka ɗauki hoto mai motsi, ana ganin ƙwayar sammore tana iyo tana kaɗa jela sai mai gadi ya cafke ta, kuma da sunka yi da ɓeran da anka cire ma masu gadinsa wani maƙalli guda da suke kamu da shi, ƙwayar sai ta yi yawa a jini ɓeran ya mutu da wuri. Sai dai sammore akwai wayo, jikinta lulluɓe yake da wata riga, da jiki ya gane rigar ya fara kashe su sai wasu kaɗan su canza wata, a sake sabon lale, shi ya sa cutar ke zuwa tana lafawa tana dawowa.

Amma kada ka ɗauka duk labarin hasara ne. A Burasal ta Beljiyam a 2024 an sa ma ɓeraye sammore anka yi masu magani sunka warke, da anka duba bayan makonni sai ga masu gadin, tsofaffi da sabbi, sun canza hali ba su koma yadda suke da ba, kuma da anka gwada su da wata bakteriya sun fi ɓeran da bai taɓa ciwo ba jurewa. Wato hanta tana riƙe tarihin abin da ya wuce ta kanta. Ni a ganina wannan babban abu ne gare mu, don ɓeran ɗakin gwaji bai taɓa ciwo ba a rayuwarsa, yaron Kebbi kuwa kafin ya shekara 5 sau nawa maleriya ta bi ta hantarsa? Ɓera ba mutum ba ne, abin da anka gani gare shi hanya yake nunawa sai an bi an tabbatar a mutane, amma hanyar ta nuna inda ya kamata ku masu tasowa ku duba. Ka dage.

TAMBAYA: Salamu alaikum likita. Yarona ɗan shekara 3 ya yi zazzaɓin sauro munka sawo magani a kemis ya sha kwana biyu jiki ya yi sanyi sai munka bari. Bayan kamar mako guda wani zazzaɓin ya dawo da gudawa shina ta suma, munka kai shi asibiti anka ce wata ƙwayar cuta ce ta shiga jini kuma jininshi ya yi ƙasa. Alhamdulillahi ya samu sauƙi. Uwar mijina ta ce shawara ce tun farko ba sauro ba. Don Allah mi ag gaskiya? Daga wata uwa a Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jinya, Allah Ya ƙara masa lafiya Ya raya mana shi. Likitocin da sunka duba shi su ne sunka ga jininsa, don haka maganarsu za ki riƙe, ni bayanin yadda abin kan faru zan yi maki.

Likitocin yara a Afirka sun daɗe da lura cewa yaron da maleriya ta kayar, musamman in ta shanye masa jini, ya fi saurin kamuwa da bakteriya a jini, mafi yawa wata 'yar uwar taifot da ke zaune a hanji. A mai lafiya ko ta kutsa ta shiga jini hanta take fara isa, don jinin hanji duk ta can yake bi, sai a kama ta a wuce wurin. To in kin karanta amsar da na ba ɗalibin can kin ga abin da anka gani a ɓera, masu kamun sun cika ciki da tarkacen maleriya, wasu sun mutu, sabbin ba su gama zama ba, wasu sojojin jinin ma sun yi rauni, ƙofa a buɗe take. Sanyin jiki ba shi ne ƙarshen ciwo ba Hajiya, makonnin da ke biye yaro na buƙatar ido sosai.

Kuma zan faɗa maki gaskiya don ina son yaron nan da alheri, barin maganin a kwana 2 kuskure ne, kuma ba ke kaɗai ba, kusan kowane gida ana yi, ana ganin a ajiye sauran saboda gaba tunda kuɗi ya yi wuya. Maganin nan irin su Coartem sau 6 ake sha cikin kwana 3, safe da dare, a ba shi da nono ko abinci mai ɗan maiƙo don ya fi shiga jiki, in ya yi amai nan take a sake ba shi. Kwana na ukun nan shi ke share ragowar. Sannan kafin a sayi magani a yi gwajin yatsa, minti 15 zuwa 20 ne, don ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba.

Maganar Inna kuma, kada ki yi gardama da ita, akwai abin da ta gani. In ido ya yi ɗorawa mu shawara muke cewa, to maleriya mai tsanani tana kawo haka, don jajayen ƙwayoyin jini na fashewa da yawa har hanta ta kasa kwashe launin. Kuma ba waɗanda cutar ta shiga kaɗai ke lalacewa ba, an ƙiyasta duk guda ɗaya mai cutar wajen 8 masu lafiya ke tafiya tare da ita, saifa da hanta ke cire su, shi ya sa jinin yaro ke faɗuwa da sauri haka. Abin da nake roƙo shi ne kada a ce shawara ce a koma jiƙe jiƙe ana ɗura masa, ko a yi ta ba shi farasitamol fiye da ƙima, hantar da ta riga ta gaji ita ce za ta ɗauki nauyin duka. Ki samu mai gidan ya yi mata bayani cikin ladabi.

Mu a jihar nan ba mu da halin sakaci. Binciken ƙasa na 2018 ya samu maleriya a jinin kashi 52 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi da anka gwada, na 2021 kashi 49, duka biyun mu ne kan gaba a Najeriya. Abin na ci mani rai. Shi ya sa da anka fara rigakafin maleriya a Disamba 2024 da Kebbi da Bayelsa anka fara, kuma aikin allurar shi ne tare ƙwayar tun kafin ta shiga hanta ta ɓoye. Ana yi a wata 5, 6, 7 sai kuma wata 15, naki ya wuce amma in yana da ƙane ko ƙanwa a kai su. Shi kuma masu rabon maganin damina gida gida in sun zo ki karɓa ki ba shi duka kwana ukun kowane wata, ga gidan sauro kowane dare.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da shanu da sunka dawo daga kudu da sammore, anka yi masu allura, na kuma sawo maganin ƙarin jini ina ba su amma har yanzu idonsu fari fat sun rame. Ɗaya da munka yanka hanta da saifa duk sun kumbura naman kamar an wanke. Maganin ƙarin jinin ne jabu ko mi? Daga wani mai kiwo a ƙasar Yauri.

AMSA: Allah Ya sa albarka a dukiya Alhaji. Ba lallai jabu ba ne, wataƙila ba inda matsalar take ya dosa ba. A ɓera an bi diddigin rashin jinin sammore, sai anka ga ƙwayar cutar ba ita ke shanye jinin da bakinta ba, masu gadin hanta da na saifa ne ke fusata, jiki na ta aiko masu da saƙon yaƙi ba tsayawa, har su koma haɗiye jajayen ƙwayoyin jinin dabbar masu lafiya, kuma ƙarfen da ke ciki wanda ya kamata su mayar ma ɓargo a yi sabon jini sai su kulle shi su hana. Ka ga ƙarfe na nan cikin jiki amma a kulle, kai kuma kana ƙarawa daga waje. Kumburin da ka gani na wanga aiki ne. Akwai wani saƙo da jiki ke aikawa na a sassauta, ɓerayen da anka hana ma wannan saƙon suna mutuwa cikin 'yan kwanaki da hanta a lalace, ba don cutar ta fi yawa gare su ba, don faɗan ne ya wuce kima. Ko a ɓerayen ma wani iri ya fi wani jurewa, kamar dai yadda muturu da ndama ke zama cikin ƙudan tsando su rayu amma bunaji da bokoloji da rahaji namu su kwanta.

Don haka muddin ƙwayar na jiki jinin ba zai dawo ba. Abin da na fi zargi shi ne allurar ba ta kashe ta duka ba, ko an kimanta nauyin sa da ido anka rage, ko an tsinka garin da ruwa da yawa don ya isa garke, ko ƙwayar ta saba da maganin, don magungunan sammoren nan biyu, Berenil da Samorin, sun fi shekara 50 ana aiki da su. Ka nemi likitan dabbobi ya ɗebi jini ya duba, in tana nan a canza zuwa ɗayan maganin a yi daidai nauyi, kuma ka tambaye shi kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Ya duba kashinsu ma, shanun da ke kiwo a fadama da bakin gulbi suna yawan samun tsutsar hanta mai faɗi kamar ganye, ita ma tana shan jini kuma maganinta daban. Sai abinci, dusa da harawa da kowa da gishiri, a rage masu doguwar tafiya, ko bayan an kashe cutar jinin sa yakan ɗauki makonni kafin ya cika.

TAMBAYA: Likita tunda ɓera na ɗaukar maleriya, na gida zai iya sa muna? Daga wata ɗiyarka a Jega.

AMSA: A'a ɗiyata, maleriyar ɓera daban ta mutum daban, tamu daga mutum zuwa mutum sauro ke kai ta. Abin tsoro ga ɓeran gida zazzaɓin Lassa ne, ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, kuma ya fi yawa da rani. Ki rufe hatsi da sauran tuwo a mazubi mai murfi, a daina shanya gari a ƙasa bakin hanya, in an kashe ɓera kada yara su ɗauka da hannu, a sa leda a kwashe a binne.